Babi na Biyar: Namun Dawa Tsakanin Rugu da Kamuku

Wanda ya tashi daga Jibiya da sassafe ya nufo kudu, ya bi ta Katsina da Dutsinma da Ƙanƙara, ya ɓulla Sheme, sannan ya zarce Funtuwa da Ɗandume har Sabuwa, zai ga ƙasa tana sauya kama a gaban idonsa tun kafin la'asar. A arewa aduwa ce da magarya da bagaruwa da sabara, ga rairayi, itatuwa tsilla-tsilla. Da an wuce Dutsinma sai ɗorawa da kaɗanya su fara yawa a gonaki. Kafin a kai ƙasar Faskari ƙasa ta yi nauyi ta koma laka, gamba ta fi mutum tsawo a ƙarshen damina, kuma inda gatari bai riga ya gama aikinsa ba sai ka tarar da doka da maje da taura da kirya. Ruwan sama ne ya kawo wannan bambanci. Birnin Katsina yana samun abin da bai cika wuce milimita 700 ba a shekara, yayin da ƙasar Funtuwa da Faskari da Sabuwa take samun kimanin 1,000 ko ma fiye.

Namun dawa ma haka suka jeru, kuma tsofaffin maharba sun san jerin tun kafin wani ya zana shi a taswira. Barewa da yanyawa na arewa ne, inda ƙasa take a buɗe. Gwanki da kanki da ɓauna na dajin doka ne. Mazo ba ya nisa da duhuwar bakin rafi, kwanta-rafi yana fadama, rema tana kan duwatsu, jan biri kuwa ya fi son fili da ciyawa, inda zai iya sheƙa gudu a ƙasa, don a duk dangin birai babu mai gudunsa. Maharbin da ya san haka ya riga ya riƙe bakin zaren wata babbar tambaya da masana halittu suka shafe fiye da shekara 200 suna bibiya: me ya sa wani yanki na duniya yake cike da ire-iren dabbobi, wani kuma ba ya da su sai 'yan ƙalilan?

Bari mu fara da lissafi. Dabbobi masu shayarwa da aka sani aka ba su suna a duniya sun kai nau'i 6,500, kuma kusan kowace shekara adadin ƙaruwa yake yi, saboda ana gano sababbi, ana kuma raba waɗanda a da ake zaton iri ɗaya ne. Idan aka ce namun daji, giwa da zaki da damisa ne suke faɗowa a ran mutum. Amma a wannan lissafi manyan nan 'yan tsiraru ne. Dangin ɓera, wato su kusu da gafiya da kurege da gyazbi da beguwa, su kaɗai sun kwashe kusan kashi 40 cikin 100. Jemagu sun haura nau'i 1,400, kusan ɗaya cikin biyar ke nan. A haɗa da su jaɓa, za a ga cewa mafi yawan masu shayarwa a duniya ƙanana ne da za su shige aljihun riga, kuma galibinsu da dare suke yawo.

Rabon waɗannan dubbai a bayan ƙasa ba daidai yake ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne cewa ire-iren dabbobi suna ƙaruwa yayin da mutum ya baro ƙasashen sanyi ya nufo tsakiyar duniya. Alexander von Humboldt, Bajamushen da ya zagaya nahiyar Amurka daga 1799 zuwa 1804, yana cikin waɗanda suka fara lura da haka game da tsirrai. A 1964 wani masani ɗan Amurka, George Gaylord Simpson, ya ɗauki taswirar Arewacin Amurka ya yanka ta murabba'i-murabba'i, ya ƙirga masu shayarwa da ke cikin kowane yanki. A can ƙuryar arewacin Kanada ya samu 'yan kaɗan, a Amurka ta Tsakiya kuwa sun haura 100 nesa ba kusa ba. Ya kuma lura da wani abu na biyu, cewa ƙasa mai tsaunuka ta fi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yawan iri. Da aka yi irin wannan aiki ga duniya baki ɗaya, wurare uku suka yi zarra: gangaren tsaunukan Andis inda suka haɗu da kurmin Amazon, tsaunukan gabashin Afirka wajen iyakar Kwango da Yuganda da Ruwanda, da kuma kudu maso gabashin Asiya. Indunusiya da Barazil kowace tana da fiye da nau'i 700. Najeriya tana da kusan 300, kuma mafi yawan cunkoson yana kudu maso gabas, a dazuzzukan Kuros Riba da tsaunukan Gashaka Gumti.

Masana ba su gama muhawara a kan dalili ba, amma akwai abubuwan da kusan kowa ya yarda da su. Inda ɗumi da ruwa suka haɗu duk shekara, tsirrai ba sa hutu, don haka abinci ba ya yankewa. Dabbar da ba ta cin komai sai 'ya'yan itace za ta rayu a kurmin Kwango daga Janairu zuwa Disamba. A Faskari dole ta san dabarar da za ta fitar da ita watanni shida ko bakwai na rani, ko ta yi ƙaura, ko ta sauya cima. Kurmi kuma hawa-hawa ne: akwai masu zama a ƙasa, akwai na tsakiyar itace, akwai waɗanda ba sa saukowa daga ƙololuwa har su mutu. Tsauni yana ƙara nasa, domin kowane 'yan ɗaruruwan mita da aka hau yanayi sauyawa yake, kuma kwari yana raba dangi ɗaya gida biyu har tsawon zamani ya mai da su iri biyu. Sannan ƙasashen zafi sun daɗe ba tare da ƙanƙara ta binne su ba, alhali kuwa shekara 20,000 da suka wuce arewacin Turai da kusan duk Kanada suna ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin da ya haura kilomita guda. Abin da ke can yanzu 'yan komowa ne.

Ruwa da zafi ba su isa su bayyana komai ba. Arewacin Ostireliya yana da damina da rani da dogayen ciyayi kwatankwacin namu, amma babu gada ko ɗaya a can, babu kura, babu biri. Kangaru ne da danginsa masu goyo a jaka suke cin ciyawar. Madagaska tana kusa da Afirka, tazarar kilomita 400 ce kawai ta teku, amma ba ta da zaki ko barewa ko raƙumin dawa. Tana da wasu dangin birai da ake kira lemu, nau'i wajen 100, waɗanda kusan dukkansu babu su a dajin ko'ina sai can. Niyu Zilan kuwa, kafin mutane su isa, ba ta da wata dabba mai shayarwa a tudu sai jemage. Alfred Russel Wallace, Baturen Ingila da ya yi shekara takwas yana tara dabbobi a tsibiran Indunusiya, ya gano cewa tsakanin tsibirin Bali da na Lombok, ruwan da faɗinsa bai wuce kilomita 35 ba, halittu sun rabu gida biyu: na yamma 'yan Asiya, na gabas sun karkata ga Ostireliya. A littafinsa na 1876 ya raba duniya shiyya shida bisa ga dabbobinta, kuma har yau rabon nasa bai tashi aiki ba. Abin da ya koyar shi ne cewa dabba tana zaune a wuri ne idan wurin ya karɓe ta, kuma idan kakanninta sun sami hanyar isa can.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Afirka ta yi miliyoyin shekaru tana tsibiri, teku ya raba ta da Asiya da Turai. A wancan zamani ne wani gida na dabbobi ya bunƙasa a cikinta, kuma binciken ƙwayoyin gado a ƙarshen shekarun 1990 ya tabbatar da zumuncinsu: giwa, da rema, da dabgi mai haƙa gidan gara, da ayu na cikin kogi. Remar da yara suke hange a kan duwatsun Ƙanƙara da Tsafe da Kwatarkwashi, wadda girmanta bai wuce na zomo ba, ta fi kusa da giwa a kan kusancinta da ɓera. Su ne 'yan ƙasa na asali. Kakannin zaki da kura da gwanki da raƙumin dawa da gadu daga arewa suka shigo, bayan da Afirka ta haɗe da Asiya wajen shekara miliyan 20 da suka wuce. Dajin da kakanninmu suka sani gamayyar waɗannan gidaje biyu ne.

A 2001 wasu masana da ke aiki da asusun kare namun daji na duniya, WWF, ƙarƙashin jagorancin David Olson, suka fitar da taswirar da ta raba busasshiyar ƙasa zuwa yankunan halitta 867. A wannan taswira kusan duk ƙasar Hausa ta faɗa cikin yanki ɗaya mai faɗi, dajin Sudan ta Yamma, wanda ya miƙe daga Senigal har gabashin Najeriya. Sahel na samansa, gaurayen kurmi da fili na ƙasansa. Tun kafin nan R. W. J. Keay, ma'aikacin gandun daji a zamanin Turawa, ya yi wa Najeriya rabo mafi daki-daki, kuma a nasa rabon iyaka tsakanin dajin doka da dajin Sudan ta ratsa ta kudancin Katsina. Faskari da Sabuwa suna ɓangaren doka, Ƙanƙara tana bakin gaɓa. Wurin da yankuna biyu suka haɗu yakan sami rabo daga kowane gefe, balle a ƙara da duwatsu da fadamu da ƙoramun da suke gangarawa, wasu zuwa kogin Gagare, wasu kudu zuwa Mariga. Wannan shi ya sa ƙasar nan ta kasance ƙasar farauta.

A nan akwai wani abin lura. Dokar da ta ce tsakiyar duniya ta fi yawan iri, jemagu da ɓeraye da birai ne suke ɗauke da ita. Idan aka ware manyan masu cin ciyawa, gasar ba kurmi ne yake cinye ta ba, filin Afirka ne. Nahiyar nan tana da fiye da nau'i 70 na dangin gada da barewa da gwanki, abin da babu wata nahiya da ta kama ƙafarsa. Wani bincike da Han Olff da abokan aikinsa suka buga a 2002 ya nuna cewa irin waɗannan dabbobi sun fi yawan iri a inda ruwa yake tsaka-tsaki kuma ƙasa take da ƙarfi. Idan ruwa ya yi kaɗan ciyawa ba ta isa. Idan ya yi yawa ciyawa takan yi tsawo ta yi kauri, ta zama ba ta da amfani sai ga mai babban ciki irin giwa da ɓauna. Kowane makiyayi ya san haka: saniyar da ta yi damina a arewa tana cin gajeriyar ciyawa ta fi ƙiba a kan wadda ta yini cikin tsohuwar gamba. Serengeti ta Tanzaniya ta haɗa matsakaicin ruwa da ƙasar toka ta dutse mai aman wuta, shi ya sa take ɗauke da garken da ya haura miliyan guda. Ƙasarmu tsohuwa ce, ruwan dubban shekaru ya wanke ta, don haka dajin doka bai taɓa tara garke irin na Serengeti ba. Yana da ire-ire da dama, amma kowane a warwatse, ƙananan garkuna masu bukatar fili mai faɗi. Wannan siffa ita ce ta zama rauninsa daga baya.

Yankunan Afirka ta Yamma a kwance suke daga yamma zuwa gabas kamar ratsin gwado, babu tsauni ko teku da ya katse su. Saboda haka gwankin Faskari shi ne gwankin Senigal, jan birinmu shi ne na Sudan. Da wuya a sami dabbar da za a ce a nan kaɗai take. Kudu ba haka take ba, domin can koguna sun yi shinge: akwai birin da ba a samunsa ko'ina a duniya sai tsakanin kogin Kwara da kogin Kuros, akwai gwaggon birin Kuros Riba da bai kai 300 ba. Da Norman Myers da abokansa suka fitar da jerin wurare 25 da suka ce duniya ta fi gaggawar cetowa a shekarar 2000, ma'auninsu shi ne yawan tsirran da babu su a wani wuri da kuma yawan ɓarnar da aka yi wa dajin. Kurmin Afirka ta Yamma ya shiga. Dajinmu bai shiga ba. Kuɗin masu ba da tallafi da hankalin masu bincike suka bi jerin.

Ina ganin an yi mana rashin adalci a nan, ko da ba da gangan ba. Cewa zaki yana nan birjik a Tanzaniya ba ya rage wa Bakatsine asarar nasa. Ballantana ma bincike ya nuna ba zaki ɗaya ba ne. Zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da ɗan ragowar zakin Indiya a kan zakin kudancin Afirka. A 2014 Philipp Henschel da tawagarsa suka fitar da sakamakon shekara shida suna neman sa a gandun daji 21 na yankin nan. A wuri huɗu kawai suka same shi: Niokolo-Koba a Senigal, gandun W da Arli da Panjari a kan iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Jimilla kimanin 400. Raƙumin dawan Afirka ta Yamma, wanda a da yake yawo daga Senigal har tafkin Chadi, ya ragu zuwa 49 a 1996, dukkansu a yankin Kure kusa da Yamai. Wani binciken na 2010 ya kwatanta gandun dajin Afirka daga 1970 zuwa 2005, ya samu cewa manyan dabbobi sun ragu da kusan rabi a gabashin nahiyar, sun ɗan ƙaru a kudancinta, a yammacinta kuwa sun ragu da kashi 85 cikin 100.

Ratsin nan ba a tsaye suke ba har abada. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Sahara kore ce, tafkin Chadi teku ne, kuma a Dabus, arewa da Agadas, mutanen wancan zamani sun sassaƙa raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita biyar a jikin dutse. Da ruwa ya ja baya dabbobi suka bi shi kudu, domin hanya a buɗe take. Abin da ya sauya a ƙarnin da ya wuce shi ne an toshe hanyar.

A ƙarni na 19, yaƙe-yaƙe tsakanin daular Sakkwato da sarakunan da suka koma Maraɗi da Tsibiri sun sa mutane sun tattare cikin garuruwa masu ganuwa, aka bar manyan dazuzzuka tsakani babu kowa. Rugu na cikinsu. Heinrich Barth, da ya bi hanyar Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya ba da labarin sawun giwaye a dajin da ya ratsa. Kudancin Katsina ma ba shi da cikar jama'a, ga ƙudan tsando yana hana shanu daɗewa. Bugu na farko da namun dawa suka sha cutar bushiya ce, wadda ta iso yankin nan wajen 1890 ta kashe shanun Fulani ba adadi, ta kuma haɗa da ɓauna da gadu da wasu dangin gada. Daga wannan sun farfaɗo. Wanda ba su farfaɗo daga gare shi ba shi ne abin da ya biyo bayan zuwan Turawa: hanyoyi sun buɗe, manoma sun fito daga ganuwa, ƙasar laka ta zama ƙasar auduga. An kafa gonar irin auduga a Daudawa, jirgin ƙasa ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, baƙi suka yi ta kwararowa daga arewa neman ƙasar noma. Daga baya masara da waken suya da takin zamani da galmar shanu suka ƙarasa. Ba na ɗora wa manomi laifi. Hatsin da yake fita daga kasuwannin Ɗandume da Funtuwa da Sheme da 'Yankara shi yake ciyar da miliyoyin mutane. Amma dole a faɗi abin da aka biya.

Abin da ya rage tsibirai ne a cikin tekun gonaki. Rugu a arewa maso yamma, Kogo a ƙasar Faskari, Kuyambana a Zamfara, da Kamuku a Birnin Gwari, maƙwabciyar Sabuwa. An keɓe Kamuku a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,121, kuma har zuwa lokacin ana lissafa giwa da gwanki da kanki da gadu da bika a cikinsa. Giwayen ba su san iyakar jiha ba, suna kai-komo tsakanin Kamuku da Kuyambana. A shekarun 1980 da 1990 wasu giwayen ma sukan tsallaka daga Najeriya zuwa dajin Babban Rafi da ke kudu da Maraɗi. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda goma, kuma Kogo na ciki, tare da Falgore ta Kano da dausayin Haɗejiya.

Labari ne mai daɗi, amma akwai wata doka ta halitta da ba ta duba takardar gwamnati. Robert MacArthur da Edward Wilson sun tsara ta a littafinsu na 1967: yawan ire-iren da tsibiri zai iya riƙewa yana bin faɗinsa da nisansa daga sauran ƙasa. A ƙiyasi, idan fili ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, kusan rabin ire-irensa za su ɓace, ba nan take ba, sannu a hankali. Gandun da gonaki suka kewaye tsibiri ne. Garken gwanki goma sha biyu yana iya shekara ashirin a ciki har mutane su ɗauka lafiya lau, sai fari ɗaya ko annoba ɗaya ko maharbi ɗaya mai bindiga ya kawo ƙarshensa, kuma babu inda wani garken zai fito ya maye gurbi. A Gana an gwada wannan da hujja. Masu gadin gandun daji shida sun yi shekara 30 suna rubuta duk dabbar da suka gani a sintirinsu na wata-wata, kuma da Justin Brashares ya tattara rubuce-rubucen a 2001 ya samu cewa abu biyu ne suka bayyana kusan duk ɓacewar da aka yi: ƙanƙantar gandu, da yawan mutanen da ke zagaye da shi. Masu cin nama ne suka fi saurin ɓacewa. Kogo bai wuce murabba'in kilomita 200 da 'yan kai ba. Yankari ya ninka shi sau goma, Serengeti kusan sau saba'in. Garken kyarkeci ɗaya yana bukatar fiye da Kogo gaba ɗayansa. Shi kaɗai, Kogo zai iya riƙe gada da batsiya da jan biri da dila da jibda. Giwa da zaki sai an haɗa shi da maƙwabtansa ta hanyar barin zirin daji a bakin koguna da burtalai.

Wanda ya san yankin nan zai ce, wace giwa ake magana alhali mutane ba sa iya kwana a gidajensu? Yana da gaskiya. Dazuzzukan da na lissafa su ne maɓoyar 'yan bindiga yau fiye da shekara goma. Daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a daren 11 ga Disamba 2020, kuma ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun binne mutanen da ba sa ƙirguwa. Ran mutum ɗaya ya fi garken giwa. Sai dai ina so in gyara wata magana da ake yawan yi, wai tunda maharba da masu saran itace ba sa iya shiga daji, namun dawa sun samu sararawa. A ƙarni na 19 an yi haka, lokacin da makami kwari da baka ne kuma dajin babu kowa. Yanzu dajin cike yake da mutane masu bindigogin yaƙi, da dubban shanun sata masu cinye ciyawa da ruwa, da masu haƙar zinariya, ga luguden wuta daga sama, kuma ma'aikacin gandu ba shi da halin leƙawa. Joshua Daskin da Robert Pringle sun duba tarihin gandun dajin Afirka daga 1946 zuwa 2010, suka samu cewa rikici ya shafi kashi 71 cikin 100 daga cikinsu, kuma babu abin da ya fi yawan rikici nuna inda dabbobi za su ragu. Sun kuma samu cewa da wuya rikici ya share su ƙaƙaf, kuma inda aka koma da wuri ana iya farfaɗo da su. Nijar ta nuna haka ba da yaƙi ba: raƙuman dawan nan 49 sun haura 600, suna kiwo a gonakin mutane, har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a 2018. Dajin da hukuma ta yi watsi da shi har namunsa suka ƙare, shi ne dajin da ɓarayi suka samu babu mai tsaro. Matsalar guda ce.

Na ce mafi yawan masu shayarwa ƙanana ne, kuma a kansu nake so mai karatu na Faskari ya tsaya, domin su ba su tafi ba tukuna. Furen ɗorawa da dare yake buɗewa, kuma tun a 1957 masu bincike a Gana suka nuna cewa jemagu suna cikin manyan masu yi masa barbara. Furen kuka ma haka. Ke nan daddawar da ke cikin miya da kukar da aka kaɗa suna da hannun jemage a ciki. Babban jemagen nan mai launin kara, wanda yake taruwa dubbai a kan itatuwan gari, an saka masa na'ura a Gana aka ga yana iya kai irin itace nisan kilomita 75 a dare ɗaya. Babu wata hukumar dashen itace da take da ma'aikaci irinsa. Ƙananan jemagu suna kwana suna cin ƙwarin da ke lalata auduga da masara. Ramin da dabgi ya haƙa shi ne gidan gadu da beguwa da dila bayan ya tashi. Tunku da kyanwar daji da inyawara su ne suke rage ɓera a gona. Idan aka kawar da su, wanda ya fi cin riba shi ne ɓeran gida mai yawan nonuwa, mai haihuwa goma sha a ciki ɗaya, wanda yake ɗauke da zazzaɓin Lassa. Haka abin yake a ko'ina a duniya: idan daji ya lalace, ire-ire masu yawa sukan tafi su bar 'yan kaɗan masu jure zama da mutum, su kuma su yi yawa fiye da kima. Wani ƙiyasi na 2018 ya nuna cewa idan aka auna nauyin duk masu shayarwa a duniya, dabbobin gida kashi 60 ne cikin 100, mutane 36, na daji duka, har da na teku, kashi 4.

Babban littafin da ya tattara masu shayarwa na Najeriya, na D. C. D. Happold, ya fito ne a 1987, kuma ya dogara ƙwarai a kan aikin D. R. Rosevear na shekarun 1960 da 1970. Yaran da aka haifa a shekarar da ya fito yanzu sun kusa aurar da 'ya'yansu. Ƙirgen jemagu da ɓeraye da jaɓa ba ya bukatar shiga tsakiyar Kogo. Ana iya fara shi a bakin madatsar Mairuwa, da kan duwatsun da ke bayan gari, da tsofaffin kukoki da rumbuna, da 'yan tarkuna da raga da ɗalibai masu haƙuri. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ahmadu Bello duk suna kusa, duk suna da sashen nazarin halittu.

Akwai kuma aikin da ya fi wannan gaggawa. A Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, har da sansanonin da 'yan gudun hijira suka tare, akwai tsofaffin maharba da makiyaya da suka ga ɓauna da kanki da damisa da idonsu. Sun san rafin da kowace take sha, da watan da take haihuwa, da hanyar da giwa take bi, da shekarar da suka yi mata ganin ƙarshe. Duk ranar da za a zauna shata zirin da zai haɗa Kogo da Kuyambana da Kamuku, a bakinsu za a sami taswirar. Malaman makaranta da ɗalibai da masu unguwanni na waɗannan ƙananan hukumomi uku, ku je ku same su da waya da littafi, ku ɗauki bayaninsu da sunan wuri da shekara, ku ajiye kwafi a ɗakin karatu na jami'a mafi kusa. Mafi yawansu sun haura shekara 70.